Fim Ɗin Bayan Gada

Shekara talatin da ɗaya Agogo ya yi yana tuƙa babbar bas ta kamfani, awa tara zuwa, washegari awa tara dawowa, kuma a duk tsawon nan sau biyu kacal ya taɓa shiga tasha a makare. Abin da ya jawo masa sunan ke nan. Masu sayar da lemo a bakin hanya da shi suke duba lokaci, in ya wuce sun san sha ɗaya ta yi. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi takardar yabo da fanka ta tsaye, ya dawo gida ya zauna, daga nan kuma mutanen gidan suka shiga uku.

Mutumin da ya saba juya mutum hamsin da biyar kullum, yanzu ba shi da fasinja sai matarsa da autarsa. Ya gyara ƙofar da ba abin da ya same ta. Ya jera cokula daga dogo zuwa gajere. Ya fara tsayawa a ƙofar kicin yana gaya wa matar da ta shekara talatin da biyar tana dafa masa abinci cewa wutar ta yi yawa. Mama, haka kowa ke kiranta har shi kansa, ba mai yawan magana ba ce. Amma a sati na uku, a gabansa, ta dubi Auta ta ce ta nemo wa ubanta abin yi, ko kuwa ita ta nemi inda za ta koma.

Auta a kantin magani take aiki, kuma tun tana ƙarama ba a raba ta da littafi. Ta yago takarda ta rubuta littattafai goma sha biyu da finafinai goma sha biyu waɗanda, a cewarta, bai kamata mutum ya bar duniya bai san su ba, ta manna a ƙofar firji. Agogo ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar mai duba sunayen fasinja. Ya ma gwada littafi na farko, wani mai kauri kan 'yan'uwa mata uku da suka gaji gonar lemo. Kwana biyu ya mayar mata da shi, ya ce marubucin ya cinye shafi arba'in bai tashi daga tasha ba. Sannan ya buga takardar da bayan yatsa ya ce aikin bai cika ba, fim ɗin da ya fi kowane fim a duniya ba ya ciki.

Auta ta tambayi sunansa. Agogo bai sani ba. Shi dai abin da yake ce masa shi ne na bayan gada.

Wanda bai taɓa shiga irin bas ɗin nan ba sai an yi masa bayani. Talabijin ɗin a saman kan direba aka ɗaure ta, fuskarta na kallon fasinja, ƙeyarta na kallon hanya, lasifika ɗaya kuma daidai kunnen Agogo na dama. Kamfani na da faya-fayai takwas a cikin wata baƙar jaka, su ake ta juyawa shekara da shekaru, kwandasta ke sakawa. Saboda haka Agogo ya haddace finafinai takwas kalma da kalma, ya san har inda wani zai yi tari a cikinsu, amma bai taɓa ganin fuskar ko mutum ɗaya ba. In yana son sanin halin da ake ciki sai ya ɗaga ido ya dubi madubin ciki, ya karanta a fuskokin mutane. Bai kuma taɓa jin ya rasa komai ba. Kallo, a ganinsa, na wanda ba shi da sitiyari a hannu ne, kuma mutumin da ya ji abu sau ɗari biyar me ya rage masa ya gani?

Shi wannan na bayan gada, kwandasta yakan saka shi da zarar an haye doguwar gada, bayan an tsaya an ci abincin rana, lokacin da fasinja suka lafa. Labarin wani tsohon kafinta ne da ɗansa da ya nace sai ya tafi birni. Daidai gidan mai na biyu faɗa yake kaurewa. Tsohon ya ce, da wata murya mai kauri da Agogo ke jin ta har cikin ƙirjinsa, in ka fita daga ƙofar nan kada ka waiwayo. Sai a ji ƙofa ta bugu. Daga nan babu wanda ke sake magana har minti huɗu, daga gidan mai zuwa babbar kwanar da ake fasa dutse. Ruwan sama ne kawai, da takun ƙafa, da haushin kare daga nesa, can ƙarshe kuma kukan jirgin ƙasa. A madubi Agogo kan ga bas ta yi tsit, mata na share ido da gefen mayafi, maza na kallon taga kamar an ce musu akwai wani abu a waje.

Kusan ƙarshen fim ɗin, bayan shekaru, yaron yakan dawo ya zama mutum. Ya ce wa uban, abin da ka yi mini ranar nan shi ya riƙe ni duk shekarun nan. Tsohon ya ce masa ya zauna ya ci abinci, kiɗa ya tashi, shi ke nan.

Agogo ya daɗe da haɗa lissafinsa. Yaro ya fita cikin ruwa shi kaɗai, uba ya zauna a kujerarsa ya danne zuciyarsa bai motsa ba, wannan tauri kuwa shi ya mayar da yaron namiji, har ya dawo da ƙafarsa ya yi godiya. Ya ba abokan aikinsa labarin nan a wajen shan shayi ya fi a ƙirga. Ya ba wa masu 'ya'ya shawara da shi. Da a nan abin ya tsaya da ba komai, kowa da irin shirmensa. Amma Agogo yana da ɗa.

Dogo ake ce masa, shi ne babba. Yana da lasisi, yana da hannu mai kyau a mota, wannan ko ubansa bai taɓa musu ba. Wata shida Agogo ya yi yana bin manajan kamfani, yana cire hula a ofis, shi da bai iya roƙo ba, har aka yarda za a ɗauki yaron. Ranar da zai fara, da sassafe, kakin kamfani a goge a kan kujera, Dogo ya ce shi fa ba zai iya ba. Ya ce ya riga ya yi magana da wani gidan burodi, can zuciyarsa take, ya daɗe yana son faɗa yana jin tsoro. Agogo ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar tasha. Ɗan direba ya koma kwaɓa fulawa? Magana ta yi zafi, Dogo ya ɗauko jakarsa, sai Agogo ya ji bakinsa ya furta kalmomin tsohon kafinta, har da kaurin muryar. Ƙofa ta bugu. Shi kuma bai fita ba.

Tun daga ranar yake jiran sauran fim ɗin. A bas, tsakanin fitar yaron da dawowarsa tafiyar minti hamsin ce. A gidan Agogo an shiga shekara ta takwas. Dogo yana can ɗaya gefen gari, ya yi aure, ranar auren Agogo ya karɓi aikin wani direba da gangan don ya kasance a hanya. An haifa masa jika mace, a wayar Auta kawai ya taɓa ganinta, shi ma da gefen ido. Burodin da ake ci a gidan kowace safiya ya san sarai daga inda yake fitowa, yana ci yana cewa gishiri ya yi kaɗan, kuma ba ya rage ko ɓawo.

A cikin satin da aka manna takardar nan a firji ne Mama ta ajiye masa shayi ta gaya masa, kamar mai ba da labarin farashin albasa, cewa Dogo ya sami gidan burodi nasa na kansa a wani gari mai nisa, can wajen da ko bas ɗin kamfani ba ta zuwa. Ranar Asabar da safe zai kwashe kaya. Ta ce in ya tafi, to, sai dai a riƙa jin labari, don wanda ya buɗe sabon wuri ba ya rufe shi ya zo gaisuwa. Ta tsaya ko zai ce wani abu. Agogo ya ce yaron zai zo, kafin Asabar zai zo da ƙafarsa, haka abin yake tafiya. Mama ta ɗauki farantin ta fita.

A gaskiya tsoro ne ya kama shi. Yana son yaron nan fiye da yadda ya iya faɗa, kuma a karo na farko ya fara tunanin Asabar za ta iya zuwa ta wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Litinin ya zauna a falo da riga mai kyau. Talata ma haka. In an taɓa ƙofa sai ya gyara zama ya haɗe fuska, sai ya ga mai karanta mitar wuta ne, ko maƙwabciya ta zo aron turmi.

Ita kuwa Auta ba ta bar maganar fim ɗin ba. Ba don ta san abin da ke ciki ba, ita dai haushi take ji a ce akwai fim ɗin da ya fi nata goma sha biyu kuma ba ta gani ba. Ta nemo tsohon kwandastan, wanda yanzu yake da rumfar gyaran fanka a bayan kasuwa. Ashe da kamfani ya sauya motoci shi ya tafi da baƙar jakar gida, tana nan a ƙarƙashin tebur cikin wayoyi da ƙura. Tana cewa na bayan gada ya yi dariya ya zaro mata faifan ba tare da ya duba ba, ya ce ta gaishe masa da Agogo, ta kuma gaya masa har yanzu bayansa na ciwo saboda birkinsa. Ta aro na'ura a wajen maƙwabta. Ranar Alhamis da yamma, da ta taso daga aiki, ta ja labule ta ce yau Baba zai ga abin da ya shekara ashirin yana ba mutane labari.

Ya yarda ne don ya rasa abin yi da hannuwansa. Ya zauna a kujerarsa, Mama a gefe tana tsince wake a faranti, Auta a ƙasa ta jingina da bango.

Abu na farko da ya ɓata masa rai shi ne tsohon kafintan. Shekara da shekaru yana ganinsa a ransa dogo, mai faɗin kafaɗa, mai furfura a gefen kunne, wato dai, in za a faɗi gaskiya, mai kama da wani direba da muka sani. Sai ga wani ɗan guntun mutum mai sanƙo da manyan kunnuwa, wandonsa na neman faɗuwa. Agogo ya ce wannan muryar ta fi ƙarfin wannan jikin. Amma nan da nan ya saki jiki, ya shiga riga 'yan wasan magana, yana faɗin abin da za su ce kafin su buɗe baki, yana sanar da inda bas take a kowane wuri: nan mun wuce makaranta, nan ne ramin da ke cin taya. Sai da Auta ta roƙe shi don Allah ya bar mutane su yi aikinsu.

Aka zo wajen faɗan. Agogo ya ɗaga yatsa ya ce su kula da kyau, nan ne darasin yake. Tsohon ya faɗi maganarsa, yaron ya ɗauki akwati, ƙofa ta bugu.

Tsohon ya zauna a kan benci, kamar yadda Agogo ya sani. Amma zaman bai kai a ƙirga goma ba. Ya miƙe, ya buɗe ƙofar a hankali yadda ba ta yi ƙara ba, ya fita cikin ruwan ba hula ba lema. Yaron na gaba da akwati yana ta sauya hannu, tsohon na biye da shi yana ɗingishi, wandon nan ya jiƙe ya manne masa a ƙafa. Wajen wani shago ya cim masa. Ya kama hannun akwatin. Yaron ya ƙi saki, suka ɗan ja, sannan ya saki. Tsohon ya ɗora akwatin a kafaɗa ya wuce gaba, yaron ya bi shi, haka suka ratsa garin, kare na yi musu haushi. A tashar jirgi ya tura akwatin ta ƙofa, ya juyo ya ɓalla wa yaron maɓallin wuyan rigarsa da ya buɗe, ya daddaɓa wurin sau biyu da tafin hannu. Jirgi ya yi kuka. Tsohon ya juya ya kama hanyar gida.

Auta ta share hancinta. Mama ba ta ɗago daga waken ba.

"An taɓa fim ɗin nan," in ji Agogo. "Ba haka yake ba."

Auta ta tsayar da na'urar, ta nuna masa kwalin faifan, ga hatimin kamfani, ga lambar motarsa da kwandasta ya rubuta da biro. Ya ce ta mayar da shi baya. Ta mayar. Sai ya tashi ya juya kujerarsa, ya ba talabijin baya kamar yadda ya saba, ya ɗora hannuwa a gwiwa ya karkata kunnen dama.

Ga ruwan sama, ga haushin kare. Amma yau babu inji a ƙarƙashinsa, babu iska a taga, babu mai babur da zai yi wa oda. A cikin shirun falon ya ji abin da ke nan tun ranar farko: taku biyu ne. Ɗaya mai sauri, ɗaya mai jan ƙafa a baya, yana matsowa, yana matsowa, har suka haɗu suka zama tafiya ɗaya. Ya saurara har jirgi ya yi kuka. Bai juyo ba.

"Ai na gaya maka, Malam," in ji Mama, muryarta ba faɗa a ciki. "Na taɓa shiga motarka lokacin da yayata ba ta da lafiya, a kujera ta uku, na kalle shi tun daga farko. Ranar da Dogo ya fita ina tsaye a nan, kana zaune a nan, na ce maka tsohon bin yaron ya yi. Ka ce wadda ta kalla sau ɗaya tana gyangyaɗi ba za ta koya wa wanda ya ji sau ɗari biyar ba."

Ya tuna. Abin haushin ke nan, ya tuna har yadda ya kaɗa mata hannu.

"Na sake faɗa da aka haifi yarinyar," ta ce. "Daga nan na gaji."

Ta zuba waken a kwano ta shiga kicin. Auta ta tambaya a hankali ko a ƙarasa fim ɗin. Ya ce a'a, ya san ƙarshen, kuma yanzu ne ya san abin da yaron cikin fim ɗin yake nufi da godiyarsa.

Ranar Juma'a Agogo bai gyara komai ba, bai leƙa kicin ba, ko rigar kirki bai sa ba. Ya zauna a bakin gado yana juya abin a ransa. Da farko ya so ya ɗora wa kamfani laifi, su da suka ɗaure talabijin a ƙeyar mutum. Ya so ya ɗora wa kwandasta, da ya zauna yana jin sa yana ba da labarin a karkace a wajen shayi bai taɓa gyara masa ba, ko da yake wa ya isa ya gyara wa Agogo magana a wancan zamani? Amma shi mutum ne da ya saba duba mota da kansa kafin ya zargi makanike, kuma da ya duba sai ya ga inda matsalar take. Sau ɗari biyar ya ga mata na kuka a madubi. Wace mace ce za ta yi kuka don wani tsoho ya zauna a benci? Ya ga amsar da idonsa, ya zaɓi wadda ta yi daidai da girman kansa, ya kira ta darasi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da ya makara.

Abin da ya fi damunsa kuma shi ne, tsohon kafinta ƙirga goma kawai ya yi ya tashi. Wanda ya yi shekara takwas fa, da wace fuska zai fita? Ya shirya jawabi, ya rushe, ya sake shiryawa. Ya yi tunanin ya aika Auta da saƙo, ya ga wannan ma zama ne a benci. Ƙofa kuwa ba wanda ya taɓa ta yini guda.

Asabar da sassafe ya fito da takalminsa na aiki, wanda bai sa ba tun da ya ajiye. Auta ta biyo shi da wata 'yar takarda da ta rubuta kwatancen gidan, ya ce ta bar ta, ya san wurin. Ta buɗe baki za ta tambayi yadda aka yi ya sani, Mama ta taɓa mata hannu. Ya shiga bas ta cikin gari ya zauna a baya cikin fasinja, direban yaro ne mai taka birki kamar yana kashe kyankyaso, amma Agogo bai ce masa uffan ba.

Layin ƙunci ne, gidajen haya a jere. A ƙofar na huɗu ga wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da Dogo ya aro a wajen abokinsa, an loda ta ta yi tozo. Dogo na kan kayan yana jan igiya. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, har da 'yar furfura a ciki, hannuwansa duk tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Agogo ya tsaya yana kallon tabon nan. Shekara takwas na ƙuna, ko ɗaya bai san ranar da aka yi ta ba.

Dogo ya hango shi, igiyar ta tsaya a hannunsa. Ya sauko a hankali ya gaishe shi, ya rusuna kamar yadda ya saba tun yana yaro. Agogo ya amsa. Ya nemi jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa, ya tarar ba ko kalma ɗaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, wa ya ce masa ana ɗora injin kwaɓa a can baya, a kan katifa? Kwana ta farko motar za ta kwanta.

Dogo ya dubi kayan, ya dubi ubansa, ya ce to yaya za a yi.

Suka sauke komai. Sun fi awa ɗaya suna aiki, ba abin da suka tattauna sai igiya da nauyi: injin ya koma gaba daidai bayan kan mota, farantan gashi a tsaye a gefe, buhunan fulawa biyu a kan tayoyin baya, katifa a sama. Matar Dogo ta fito da ruwa a kofi ta durƙusa ta gaishe shi, yarinyar na maƙale da zanenta tana leƙen wannan tsoho mai ba babanta umarni. Agogo ya sha ruwan ya yi godiya, ya dafa kan yarinyar. Ita da uwarta sai jibi za su bi bas, in an share ɗaki an kafa gado.

Da aka ɗaure igiya ta ƙarshe ba sauran abin fakewa. Agogo ya zagaya motar ya daddanna tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, ya tambayi awa nawa ce tafiyar. Dogo ya ce sha ɗaya, in hanya ta yi kyau. Agogo ya ce mutum ɗaya ba ya tuƙa awa sha ɗaya da kaya irin wannan, ko a kamfani ba a yarda ba. Ya ce shi ba abin da yake yi a gida, uwarsu ma neman kai take da shi. Sannan ya buɗe ƙofar gefen fasinja ya hau, ya ce Dogo ya fara, shi zai karɓa in rana ta take.

Dogo ya yi sallama da iyalinsa, ya shigo ya rufe ƙofa. Ya sa makulli, amma bai murɗa ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

"Ranar nan ban tafi nan da nan ba, Baba," ya ce. "A bakin layinmu na tsaya, wajen mai faci. Bas uku na bari suka wuce."

Agogo ya san wurin. Daga ƙofar gidansa zuwa rumfar mai faci bai kai taku sittin ba. A duk shekarun nan ya yi tunanin yaron cikin fushi, ya yi tunaninsa cikin wahala, ya yi tunaninsa ya manta da su, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa yana tsaye a bakin layi da jaka yana kallon ƙofa ba.

"Na sa takalmi," ya ce. "Na sa takalmi har na ɗaure igiya. Sai na koma na zauna."

Daga nan Agogo ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka, kuka sosai, kafaɗunsa na girgiza, ga taga a buɗe, ga mutanen layi na wucewa. Dogo ya jira har ya gama, sannan ya tayar da motar.